Alhaki kwikwiyo ne: in na'ura ta yi hukunci, gidan wa za shi?

Hausawa na cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Wannan karin magana ta ginu a kan wani abu da kakanninmu ba su taɓa shakka a kansa ba, wato kowane hukunci yana da mai shi. In an cuce ka a rabon gona, akwai wanda ya ja iyakar. In an tsallake gidanka a rabon hatsi, akwai bakin da ya ƙi faɗin sunanka, akwai hannun da ya ƙi rubuta shi. Mutumin yana da suna, yana da ƙofar gida, ƴaƴansa suna ɗiban ruwa a rijiya ɗaya da naka. To ga shi zamani ya kawo mu inda gwamnatocin duniya ke miƙa wa na'ura ayyukan da a da sai mutum, har ta tantance wanda ya cancanci tallafi da wanda za a zarga da cuta. Tambayar da nake so mu tauna tare, mu malamai da ƴan ƙungiyoyin raya al'adu, ita ce: in na'ura ta yanke hukunci ya zamana zalunci ne, kwikwiyon nan gidan wa za shi?

Bari mu fara da sunan abin. Gidajen rediyo sun raɗa masa ƙirƙirarriyar basira, kuma a ganina sun yi dace da ba su kira shi hankali ba. A Hausa hankali ya wuce kaifin ƙwaƙwalwa. Yaron da ya fi kowa lissafi a aji ana iya ce masa marar hankali in bai san inda ake rusunawa ba. Mai hankali shi ne wanda ke hangen abin da zai biyo bayan aikinsa, yana jin nauyin mutane, yana jin kunya. Na'ura ba ta da ko ɗaya daga ciki. Yadda take aiki shi ne a ɗura mata miliyoyin misalai, ta tsinto abubuwan da suka cika tafiya tare, sa'annan in an kawo mata sabon al'amari ta yi kirdado bisa abin da ta saba gani. Kirdadon yakan faɗa daidai har ya ba da mamaki, kamar yadda duniya ta shaida tun da aka saki ChatGPT a watan Nuwamba na 2022. Sai dai wannan mai surutun kowa na ganinta. Wadda ta fi damuna ita ce ƴar'uwarta shiru-shiru, wadda ke zaune cikin ofishin hukuma tana jera sunayen mutane, wane a sama, wane a ƙasa.

Kada a ɗauka labarin ƙasashen Turai ne kawai. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnatin Togo ta kafa shirin Novissi don aika wa talakawa kuɗin tallafi ta wayar salula. Da aka zo faɗaɗa shi zuwa karkara, sai aka iske babu cikakkiyar rajista da za ta nuna wane ne matalauci. Gwamnati ta haɗa kai da ƙungiyar GiveDirectly da wasu masana na jami'ar Berkeley ta Amurka. Aka fara sa na'ura ta duba hotunan tauraron ɗan'adam, irin rufin gidaje da hanyoyi da gonaki, ta ware yankuna 100 mafiya talauci. A cikin yankunan kuma aka sa ta bibiyi yadda kowa ke amfani da wayarsa, tsawon kiransa, yawan kuɗin da yake sawa, ko yakan kira ƙasar waje, ta yi kirdadon ƙarfin aljihunsa. Da masanan suka buga sakamakon a mujallar Nature a 2022, ba su ɓoye komai ba. Hanyar ta rage yawan mabuƙatan da ake tsallakewa da kashi 4 zuwa 21 cikin ɗari in an gwada ta da zaɓen yanki kawai, amma da a ce akwai cikakkiyar rajista ta gida gida, to na'urar za ta fi ta tsallake mutane da kashi 9 zuwa 35. Wanda ba shi da waya kuwa, tun farko ba ya cikin lissafin.

Tubalan irin wannan gini an daɗe ana jera su a Nijar. An yi rajistar masu zaɓe mai ɗaukar zanen yatsa don zaɓen 2020. A shekarar ce kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 don shirin kai layin waya da hada-hadar kuɗi ta salula zuwa ƙauyuka, ƙasar kuma ta shiga shirin WURI na ba kowane mutum lambar shaida tasa. A watan Janairu na 2025 ƙasashen AES suka ƙaddamar da sabon fasfo. Babu ɗaya daga cikinsu da yake ƙirƙirarriyar basira a kan kansa, amma su ne rumbun da za ta ci daga ciki ranar da aka kawo ta.

Yanzu mu ɗauko dabarar Togo mu aza ta a kan Damargu, mu ga inda za ta yi yoyo. Tenhiya, a gundumar Tanut, yawancinta ƙasar kiwo ce, irin wadda dokar 1961 mai shata iyakar noma ta arewa ta bar wa makiyaya. Haka arewacin Balbeji, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011. A nan dukiya tafiya take yi da ƙafa huɗu. Tauraron ɗan'adam da aka koya wa cewa rufin kwano alamar wadata ne, zai ga Buzu mai raƙuma hamsin yana kwana ƙarƙashin tabarma ya rubuta shi cikin fakirai. Zai ga tsohuwa a Tanut cikin ɗakin kwanon da ɗanta ya rufa mata shekarun baya da kuɗin cin rani a Libiya, wadda yau ba ta da tiya ɗaya ta hatsi, ya rubuta ta cikin masu hali. Wayar ma haka. A zango ɗaya waya guda na iya yi wa gida biyar aiki, kuma tana hannun namiji. Makiyayin da ya gangara kudu da rani har ya tsallaka Najeriya yana kiran gida daga wata ƙasa, abin da na'ura za ta iya fassarawa da alamar arziki. In kuma ya yi wata biyu a inda babu layi, to a idonta ya daina wanzuwa. Dokar kiwo ta 2010 ta ce yawo da bisashe babban haƙƙi ne na makiyayi. Amma tsarin da bai san kowa ba sai mai zaune wuri guda yana iya soke wannan haƙƙi ba tare da an taɓa harafi ɗaya na dokar ba.

Akwai wani juyin da tarihi ya yi a nan wanda ya kamata mu tsaya a kansa. Tun da Nasara suka kama Damagaram a 1899, ƙidaya a wurin talaka sunanta lanho, sunanta jangali, sunanta aikin tilas. Mai wayo shi ne wanda ya ɓoye ɗansa da rabin garkensa ranar da mai rubutu ya sauka gari, kuma yawancinmu mun ji kakanni suna ba da wannan labari suna dariya. Ɓacewa daga takarda tsira ce a wancan zamani. Yau al'amarin ya birkice: wanda ba shi cikin takarda shi ne ba zai ga hatsin farashi mai rahusa ba, ɗansa ba zai zauna jarrabawa ba don rashin takardar haihuwa, kuɗin tallafi ba zai faɗo wayarsa ba. Mutanen da suka gaji gudun alƙalami daga iyayensu, su ne ake so yanzu su miƙa yatsunsu da fuskokinsu ga wata na'urar da ba su san inda take kai su ba. Wanda ya kira ɗari-ɗarin da suke yi jahilci bai karanta tarihin ƙasarsa ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, kuma dole a faɗe ta ko da ba ta yi wa masu son al'ada daɗi ba. Mutumin nan mai suna da ƙofar gida shi ma yana cuta. Duk wanda ya ga rabon cimaka a shekarar 2005 ko 2010 ya san yadda sunan ɗan'uwan mai rabo kan riga na gwauruwa shiga takarda. An ma gwada abin a ƙasar nan. Wasu masana biyu na Bankin Duniya, Patrick Premand da Pascale Schnitzer, sun bi diddigin shirin tallafin kuɗi na Nijar inda aka rarraba ƙauyuka: a wasu kwamitin gari ne ya zaɓi mabuƙata, a wasu kuma aka yi wa gidaje tambayoyi aka bar lissafi ya fitar da sunaye. Sakamakon da suka fitar a 2018 ya nuna mutanen ƙauyukan sun fi yarda da adalcin lissafin, domin sun ga wasu ƴan kwamiti suna jan ruwa zuwa gonarsu. Wannan lissafi shi ne kakan na'urar da muke magana. Talaka ya fi son abin da ba shi da ƙane ba shi da suruki, kuma ba zan ce ya yi kuskure ba.

To in haka ne, me ya rage na ƙorafi? Abin da ya rage shi ne abin da ke faruwa bayan kuskure. Ɗan kwamitin da ya cuce ka kana iya tare shi a kasuwa, ka kai shi gaban mai gari, ka sa ya rantse, ko matarka ta ƙi gaida matarsa har kunya ta kama gidan. Kuskuren na'ura kuwa yana zuwa sanye da rigar gaskiya. Ma'aikacin da ke riƙe da takardar zai ɗaga kafaɗa ya ce ba shi ya yi ba, daga Yamai ta zo. Na Yamai zai ce na'ura ce ta fitar. Kamfanin da ya ƙera ta yana wata nahiya, kuma sau da yawa shi kansa ba zai iya faɗa maka dalilin da ya sa ta ɗaga wane ta kayar da wane ba. A shari'ar da muka gada, alƙali ba ya karɓar shaidar wanda ba a san halinsa ba, kuma wanda ake tuhuma yana da damar ya soki shaidar. Ga shi yanzu ana so mu karɓi shaidar da ba a tambayarta, ba a rantsar da ita, ba ta jin kunya, a kuma ɗora hukuncin cin abincin yara a kanta.

Ƙasar Holan ta ɗanɗani wannan. Shekaru da dama hukumar harajinta tana amfani da wani tsari mai sa wa iyalai alamar zargi a kan kuɗin tallafin renon yara, kuma cikin abubuwan da tsarin ke dubawa har da ko mutum yana da wata ƙasa ta asali. Iyalai fiye da 20,000 aka tuhuma da zamba ba da haƙƙi ba, aka tilasta musu mayar da kuɗin da ba su da shi, gidaje suka watse. Sai a watan Janairu na 2021 gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a kan abin. Wannan fa ƙasa ce da kowa ya iya karatu, ga lauyoyi, ga jaridu, amma sai da kwikwiyon ya yi shekaru yana yawo kafin ya sami ƙofa. A ƙiyasta tsawon yawon da zai yi tsakanin rijiyoyin Tenhiya da Yamai.

Daga nan ne nake kallon zancen ayyukan yi. A watan Janairu na 2024 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ƙiyasta cewa wannan fasaha za ta taɓa kusan kashi 40 cikin ɗari na ayyukan duniya, kashi 60 a ƙasashe masu arziki, kashi 26 a matalauta irin tamu. Wani zai ji ƙanƙantar rabonmu ya yi hamdala. Dalilin ƙanƙantar kuwa shi ne yawancinmu da hauya da sanda muke ci, kuma na'ura ba ta riƙe su ba tukuna. Ayyukan da ke cikin hatsari su ne daidai waɗanda ɗalibanmu ke kwana karatu dominsu: sakatare, akawu, mai fassara, mai cika takardu, mai zagayawa ƙauyuka da tambayoyin ƙungiyoyin agaji. Tsanin da boko ya kafa wa ɗan talaka dama siriri ne, ga shi ana zare masa matakan ƙasa. Akwai kuma asara ta biyu da ba a cika lissafawa ba: waɗannan ƙananan ma'aikata su ne fuskar hukuma da talaka ke iya gani. In an cire su, an cire ƙofofin da alhaki kan tsaya.

Ba ina cewa su waliyyai ne ba. Wanda ya koyar da littafin Amadu Hampate Ba na 1973 a kan Wangrin ya san irin ɓarnar da tafintan kumandan ke iya yi tsakanin harshe biyu. Amma tafinta ɗan gari ne, ya san abin da ake nufi ko da ya zaɓi ya karkatar da shi. Ga ƙaramin misali da kowane ɗan Nijar zai gane. Mu da dala muke ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce. In mai ƙosai ta ce ribarta ta yini ɗari ce, 500 take nufi. In ta ce ɗari biyu, jika guda ke nan. Na'urar da ta koyi Hausarta daga jaridun Kano da Kaduna za ta iya rubuta 100 da 200, ta rage mata samu sau biyar, kuma babu kuskuren nahawu ko ɗaya a jimlar da zai sa wani ya tsargu. Google ta sa Hausa cikin na'urar fassararta tun 2013, Najeriya ma ta fito da tata mai suna N-ATLaS a 2025 mai jin Hausa da Yarbanci da Ibo. Abin farin ciki ne. Sai dai Hausar wa?

Haka zancen garso, wanda Fulani ke turawa gaba ya dubo ciyawa da ruwa kafin garke ya tashi. Cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 ta daɗe tana auna damina da ciyawa daga sama, shirin Garbal kuma, wanda ya fara a Mali a 2017 kafin ya iso Burkina Faso da Nijar, yana ba makiyayi irin wannan labari ta waya. Taimako ne na gaske, ba na raina shi. Amma hoto yana nuna kore ne kawai, garso ne ya san ko ciyawar tana ƙosar da saniya, ya san mai rijiyar da ke kusa da irin gaisuwar da ake masa kafin a jefa guga. In kuma ya kai garke ga halaka, da shi za a kwana a zango ɗaya.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Mu malaman Hausa mun yi murna, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In gobe na'urorin hukuma suka iya Hausa ba su iya Fulatanci da Buzanci da Barbarci ba, to matar Bororo a Tenhiya za ta tsaya gabansu kamar yadda kakarmu ta tsaya gaban kumandan, mu ne kuma za mu zama tafintocin. Wannan nauyi ne da ya hau kanmu, ba mu roƙe shi ba.

Saura zancen gasa tsakanin ƙasashe, wanda shi ne ya fi cika bakin manya a tarurruka, har Tarayyar Afirka ta amince da tsarinta na nahiya a watan Yuli na 2024. A nan ba sai an tsawaita ba. Manyan na'urorin nan wutar lantarki suke sha kamar raƙumi a bakin rijiya, mu kuwa mun ga abin da ya faru daga Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024 da Najeriya ta katse mana layi. Ba za mu yi tsere da Amurka da Sin wajen ƙera su ba. Abin da ke hannunmu shi ne ɗanyen kayan da suke ci: muryoyinmu, harsunanmu, zanen yatsunmu, hanyoyin da garkunanmu ke bi. Mun sayar da gujiya ɗanya, mun sayar da uraniyum na Arlit tun 1971 alhali yawancin ƙauyukanmu na kwana cikin duhu, kuma babu abin da zai hana a maimaita cinikin da bayananmu in ba a tsaya ba. Muna da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar HAPDP mai kula da ita. Nawa ne cikin ɗalibanmu suka taɓa jin sunanta? A ganina ƙasa matalauciya tana iya fin mai arziki a abu ɗaya, wato ta gina tsarin da talakanta ya yarda da shi har ya kawo sunansa da kansa, domin rajistar da rabin jama'a ke gudu ba ta da amfani ko wace irin na'ura aka ɗora mata.

Yardar kuwa ba ta samuwa sai an san mai alhaki. Na'ura ta yi ƙirga, ta yi kirdado, ta nuna inda ido bai kai ba, duk na amince. Amma kowace takardar da za ta hana wani abinci ko shaida ko aiki, a ƙarshenta a sami sunan mutum guda, ɗan gundumar, wanda doka ta ba ikon ya ƙi sa hannu kuma ta wajabta masa amsa tambaya da harshen mai tambayar. Wannan shi ne sabon aikin da ya kamata mu shirya yaranmu dominsa. Ɗalibin da muka koya wa haddace amsa, na'ura ta riga ta fi shi. Wanda muka koya wa ya karanta rubutu ya ce a nan an yi ƙarya, a nan an tsallake wani abu, shi ne za a nema, kuma darasin sharhin rubutu da muke yi da Faransanci da Hausa shi ne filin wannan horo in mun daina mayar da shi hadda.

Ƙungiyoyinmu ma suna da abin nema wanda bai fi ƙarfinsu ba. Kada jerin sunaye ya zama hukunci sai an karanta shi da babbar murya a bainar jama'a, da harsunan wurin, an kuma ba da kwanaki na ƙorafi. A lura da wuri da lokaci. Takardar da aka manna a bangon ofishin magajin gari a watan Agusta, lokacin da garkuna suka yi arewa bin sabuwar ciyawa, wasu har wajen Ingal shan gishiri, ba makiyayin da zai gan ta. A kai ta bakin manyan rijiyoyi da rani, sa'ad da ƙishirwa ta tara kowa wuri guda, mai sa hannun kuma ya zo da kansa ya zauna a tabarma har guga ta ƙarshe ta fito.